Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Yadda Magabata Suke Ƙulla Magana da Masu Sana'a

Waɗanda suka halarci taron ƙungiyarmu na watan jiya sun ga yadda dattawa suka shafe kusan sa'a biyu wajen sasanta wasu 'yan uwanmu su biyu, alhali kuwa abin da ya haɗa su bai wuce takarda uku ba. Ba za mu kama suna ba, tunda an riga an yafi juna. Wani Alhaji ne yake gyaran gidansa, sai ya kira wani saurayi mai zane ya ce ya fitar masa da irin adon da za a yi wa fuskar zaure. Yaro ya kwana bakwai yana zanawa yana gogewa. Ya kai na farko aka ce a ƙara dagi, ya kai na biyu aka ce ado ya yi yawa, ya kai na uku Alhaji ya ce madalla, ya karɓa ya sa a aljihu. Bayan mako biyu yaron nan ya biyo ta ƙofar gidan, sai ga wani birkila a kan tsani yana fitar da zanensa da siminti.

Da aka zauna, Alhaji ya ce, "Ni fa ban ga aikin da ya yi mini ba. Ko cokali ɗaya na siminti bai ɗora ba, takarda ce kawai." Yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, ai takardar ita ce aikin. Wancan hannu kawai ya sa."

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata filinmu na tarihi a wannan fitowa ya waiwayi yadda kakanninmu suke ƙulla magana da gwanayen sana'a tun kafin a taɓa ƙasa ko a sa allura a zare. Domin kuwa rigimar nan ba yau aka fara ta ba, kuma magabata ba su bar ta kara zube ba.

Gari da baƙinsa

Kamar yadda muka sani, Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ne ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa, ya yi sarauta har zuwa 1845, sa'annan ɗansa Ibrahim ya gaje shi ya riƙe ƙasa har 1877. Sabon gari yana bukatar hannuwa. Saboda haka tun daga wancan zamani malamai da fatake da marina da maɗinka da magina suka riƙa kwararowa daga ƙasashen Kano da Zazzau da Katsina, wasu su yi cin rani su koma, wasu kuma ruwan garin ya karɓe su su zauna. Da yawa daga cikinmu ta wannan hanya kakanninmu suka zo.

Baƙo mai sana'a kuwa ba shi da gona, ba shi da dangi a gari. Jarinsa biyu ne: abin da ke kansa da amanar da aka san shi da ita. In aka yi masa wasa da na farko, ko shi ya yi wasa da na biyu, to zamansa ya zo ƙarshe. Shi ya sa maganar sharaɗi ta fi damun baƙo a kan ɗan gari.

Babban Gwani a ƙasar Bauchi

Mafi shahara cikin baƙin da suka yi aiki a ƙasar nan shi ne Muhammadu Durugu na Zariya, wanda wasu marubuta suke kira Malam Mika'ilu, amma duniya ta fi saninsa da Babban Gwani. Shi ne ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ginin ƙasa ne zalla da azara, amma masana gine-gine daga ƙasashe dabam dabam sun yi ta zuwa kallonsa suna aunawa suna rubutawa.

A wajen 1860, zamanin Sarki Ibrahim, aka ɗauko wannan gwani ya gina wa Madakin Bauchi gida a Kafin Madaki, kimanin kilomita 45 arewa da birnin nan, ta hanyar Ningi. A lokacin garin sansani ne na tsare ƙasa daga hare-haren Ningawa. Yanzu shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa. A 1956, tun kafin samun mulkin kai, gwamnati ta sa Gidan Madaki cikin kayan tarihi na ƙasa. Duk wanda bai taɓa zuwa ya ɗaga kai ya kalli bakan gizon da ke cikin babban soron gidan ba, muna ba shi shawara ya daure ya je da 'ya'yansa, gani ya kori ji.

To, a nan ga abin tambaya. Ƙasar Bauchi ba ta rasa masu kwaɓa ƙasa da masu ɗora tubali ba. Me ya sa aka tsallake su aka tafi har Zariya? Amsa ita ce ba hannu aka je nema ba, kai aka je nema. Abin da Madaki ya saya shi ne siffar da ke cikin ƙwaƙwalwar gwani, watau sanin inda ginshiƙi zai tsaya, da yadda baka zai tashi daga wannan bango ya tarar da ɗan'uwansa a sama ba tare da ya rufto ba. Sarakunan da suna saka wa irin waɗannan mutane da riguna da wuri da hatsi da dawaki, wani lokaci har da sarauta. Zuriyar Babban Gwani sun riƙe shugabancin magina a Zazzau, kuma akwai unguwa mai sunansa a cikin birnin Zariya.

Masu ba da labari suna cewa da dare yake gini shi kaɗai, bayan leburori sun tara masa kaya da rana, don kada a ga sirrinsa. Suna kuma cewa bayan ya gama wani masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Wannan labarin baka ne. Amma mu lura da abin da ke cikinsa: gwani yana tsoron a sace masa fasaha, mai aiki kuma yana tsoron a yi wa wani irin nasa. Waɗannan tsoro biyu su ne dai suka zauna a gaban dattawanmu a watan jiya.

Zane a ƙasa, shaidu a tsaye

Yaya talaka ko attajiri yake yi da magini a wancan zamani? Da farko ba a maganar gini sai an ga bayan damina, domin tubali rana yake so. Mai gida zai aika wa magini goro, su haɗu a fili, galibi da wani dattijo ko mai unguwa ko maƙwabci a tsaye. Mai gida ya faɗi bukatarsa: ga yawan iyalina, ina son zaure mai kaza, shigifa a nan, turaka a can. Magini ya saurara, sa'annan ya ja ƙafarsa a ƙasa ya fitar da siffar ɗakunan a daidai girmansu, yana aunawa da taki da kamu. Mai gida ya shiga cikin zanen nan ya tsaya, ya juya, ya ce a faɗaɗa nan, a mayar da ƙofa gabas. A share da ƙafa a sake ja. Ba a haƙa harsashi sai kowa ya ce ya yarda.

Wannan tsayuwa a fili ita ce matakin zane, kuma a nan ake yanke kusan komai. Dalili kuwa, azara, wadda ake tsagawa daga giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi, tana da iyakar tsawon da za ta iya ɗaukar nauyin ƙasa. In mai gida yana son ɗaki ya fi haka faɗi, dole a sa ginshiƙi a tsakiya ko a ɗaura bakan gizo. In yana son rufi ya tashi kamar ƙwarya a kife, sai ɗaurin guga. Kowane baka yana cin azara da igiya da kwanaki. Saboda haka da magini ya ji irin soron da ake so, ya riga ya san azara nawa, jaki nawa na ƙasa, ko za a shafe da makuba ko da laso, zanko nawa a kan soro, indararo nawa. Daga nan sai a yi jinga, a faɗi wanda zai kawo kaya da wanda zai ciyar da ma'aikata, a ba da wani abu a hannu, a shafa fatiha.

Abin lura shi ne, zanen nan ba ya shiga aljihu. Iska za ta share shi kafin gobe, ainihinsa yana kan magini. Mai gida ba shi da halin ɗauka ya kai wa wani mai araha. In kuma saɓani ya taso, ga shaidu, ga Sarkin Magina wanda yake sanin kowane magini da ubangidansa. Wani magini ba zai yarda ya hau aikin da aka fara magana da ɗan'uwansa ba sai ya ji yadda suka rabu.

Mai zana riga dabam, mai ɗinki dabam

Wanda yake ganin zane ba aiki ba ne, ya dubi babbar rigar da ke jikinsa. Tun da can, a Kano da Zariya da Bida, wanda yake zana aska biyu ko aska takwas ko tambari a kan ƙyalle ba lalle ne shi yake ɗinkawa ba. Sau da yawa malami ne wanda hannunsa ya faɗa da alƙalami da tawada. A kai masa ƙyalle ya zana, a biya shi ladansa nan take, sa'annan a miƙa wa masu allura, waɗanda za su iya shafe watanni suna bin layin da ya ja cikin yini ɗaya. Ba wanda ya taɓa ce wa malamin nan ai ba ka sa zare ba. Kowa ya san in zane ya karkace, ko wane gwani ne ya ɗinka, riga ta karkace.

Daga zauren malamai ne ma muka sami kalmar kafin alƙalami, watau abin da ake ajiyewa kafin a tsoma alƙalami a tawada. Hausawa kuma suka ɗaure mai karɓa da nasa nauyin, suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ma ba su yi shiru ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an nuna cewa ɗaukar mutum aiki yana inganta ne in an ambaci lada an kuma yanke lokaci, sa'annan mai sana'a shi ke da lamunin kayan da ya tafi da su wurin aikinsa. A mazhabar Malikiyya kuma ba a yarda da kuɗin kamun da zai nutse haka kawai in ciniki ya fasa ba. Wannan ya sa hanya mafi tsafta ita ce a ɗauki zane a matsayin aiki mai zaman kansa, da nasa lada da nasa wa'adi, ba wai wani abu da ake jefawa a tsakani ba. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamanmu.

Da takarda ta shigo

Turawa sun ci Bauchi a 1902, suka zo da ma'aikatar ayyuka da taswirar gini a takarda da 'yan kwangila. Jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1961, aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979. Cikin shekaru kaɗan bulo da kwano da rodi suka ture tubali da azara. Masu ado suka koma yin dagi da siminti da fenti, wasu suka koma rubuta allunan shaguna da zane a jikin manyan motoci.

Babban abin da ya canza shi ne zane ya fita daga kan mai shi ya koma abin da ake naɗewa a tafi da shi. Yau ma abin ya wuce nan, domin da waya za a ɗauki hotonsa a tura ta WhatsApp kafin mai shi ya kai gida. Tsohuwar kariya ta tafi, mu kuma ba mu yi sabuwa ba. Ma'aikatan gwamnati da masanan zanen gine-gine sun daɗe da raba aikinsu mataki-mataki: zanen farko, sai cikakken zane, sai duba aiki, kowane mataki da kuɗinsa. Amma ƙaramin mai zane na unguwa har yanzu da "Allah Ya kai mu" ake sallamarsa.

Ga wanda ya ce takarda ce kawai, ga wani abin tunani. Wani Bature mutumin ƙasar Folan, Farfesa Dmochowski, ya shafe shekaru daga ƙarshen shekarun 1950 yana yawo da almajiransa yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya yana zanawa, har da ayyukan Babban Gwani. A shekarun 1970 aka yi wa masallacin Zariya gyaran zamani, aka rushe wasu sassa, aka lulluɓe sauran da sabon gini. Da waɗancan takardu ne aka sake gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Farfesan ya mutu a 1982, aka buga aikinsa cikin littafi uku a 1990. Ashe takarda tana iya tayar da masallaci.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada mu ɗauka wannan matsala ta Hausawa ce kawai. A ƙasar Italiya, a 1505, Fafaroma Juliyas na Biyu ya sa shahararren gwanin sassaƙa Maikelanjelo ya tsara masa ƙaton kabari mai mutum-mutumi kusan 40. Gwani ya zana, aka yarda, ya tafi ya shafe wata takwas a wurin fasa dutse yana zaɓen marmara. Kafin a je ko'ina hankalin Fafaroma ya koma kan wani gini, kuɗi ya tsaya, gwani ya yi fushi ya bar birnin Rum a 1506. Fafaroma ya mutu a 1513, magada suka riƙa sake yarjejeniya, a 1513 da 1516 da 1532 da 1542, kowane karo aiki yana ƙanƙancewa. Ba a gama ba sai 1545, shekara 40 ke nan, kuma abin da aka samu bai kama ƙafar zanen farko ba. In haka ta faru da masu rubutawa su sa hannu, ina ga mu da muke yi da baki a bakin titi?

A gida Nijeriya kuma ga tutar ƙasa. Wani ɗalibi mai karatu a London, Taiwo Akinkunmi, ya shiga gasar zana tuta, aka zaɓi nasa a 1959 aka ba shi fam 100. A zanensa akwai jar rana a tsakiyar farin, amma alƙalan gasar suka cire ta. Ita ce tutar da aka ɗaga ran 1 ga Oktoba, 1960, lokacin da ɗan ƙasar nan, marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, yake Firayim Minista. Sai a 2014 aka ba mai zanen lambar girma ta ƙasa, ya rasu a 2023. A nan ma akwai tambayoyi biyu da ya kamata a amsa tun farko: wa yake da ikon canza zane, kuma hakkin mai zane ya ƙare ne ranar da aka biya shi?

Dokar ƙasa ta taɓo wannan. Dokar hakkin mallakar fasaha ta 1988, da ta 2022 wadda ta maye gurbinta, duk sun tafi a kan cewa asalin hakkin zane na wanda ya zana ne, sai fa in an yi yarjejeniya a kan saɓanin haka. Watau karɓar takarda a hannu ba shi ne mallakar abin da ke cikinta ba.

Abin da za mu riƙe

Saboda haka muna kira ga 'yan ƙungiya, masu sa aiki da masu yin aiki, kafin a ja layi ɗaya a zauna a amsa waɗannan:

Na ɗaya, me ake so a zana, ina za a sa shi, kuma nawa mai aiki ya tanada don aikin gaba ɗaya? Kada a bar yaro ya zana abin miliyan alhali abin dubu ɗari ake da shi.

Na biyu, nawa ne ladan zanen shi kaɗai, nawa za a bayar a fara, kuma in an ba mai zanen babban aikin za a cire wannan daga jinga ko kuwa?

Na uku, zane kala nawa zai kawo, kuma sau nawa za a ce ya gyara kafin gyara ya zama sabon aiki?

Na huɗu, wace rana zai kawo, kuma cikin kwana nawa mai aiki zai ba da amsa? Wa yake da ta cewa, Alhaji ne ko Hajiya ko kwamiti? A faɗi mutum ɗaya.

Na biyar, in an fasa, takarda ta wa ce? In mai aiki yana son ya kai wa wani ya yi, nawa zai ƙara? In kuma ba ya son a yi wa wani irinsa, ya faɗa tun yanzu ya biya kuɗin hakan.

Na shida, a rubuta, ko da Hausa ko da ajami, ko a rabin takarda, mutum biyu su shaida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma rubutu ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Masu zane su ma da nasu laifin. Wasu sukan karɓi kafin alƙalami su ɓace, wasu su kwafo aikin wani su ce nasu ne, wasu kuma kunya ta hana su faɗin kuɗinsu sai daga baya su koma gefe suna gunaguni. Wanda bai faɗi ladansa da safe ba, kada ya yi kuka da yamma.

Game da 'yan uwanmu biyu kuwa, dattawa sun yanke cewa Alhaji ya biya yaron ladan kwanakinsa bakwai, ya kuma ba shi aikin adon shigifa da ya rage. Yaro kuma aka ja masa kunne a kan ya daina sakin takarda kafin a yi magana. Alhaji ya biya a wurin, har ya ɗora tukuici, ya ce, "Wallahi ɗana, rashin sani ne." Muna yaba masa, domin ba kowane babba ne yake karɓar gyara a gaban jama'a ba.

Kakanninmu sun zo garin nan ba da komai ba sai sana'a da gaskiya, da su aka karɓe su, da su kuma muka sami wurin zama. Masu iya magana sun ce tun ran gini tun ran zane. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ƙara mana haɗin kai da zaman lafiya da masu masaukinmu. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.